Farin Wuyan Malam Ɗanmaliki

Allah ya yi wa Karaye baiwa da Malam Ɗanmaliki, shugaban Ƙungiyar Masu Tsafta, wadda shi ya kafa ta, shi ne kuma sakatarenta. Wuyan rigarsa fari ne fat, har ana cewa idan ya gifta da hantsi kaji kan runtse ido. 'Yan majalisar ƙofar gida suka laƙaba masa Farin Wata, ya karɓa hannu bibbiyu.

"Jikin manya ba ya maiƙo," yakan ce, yana ɗaga haɓa. "Dauɗar wuya daga hali take fitowa. Ni gumina ma kunyar rigata yake ji."

Da yake manya ba sa leƙa wajen wanki, bai taɓa ganin maiɗakinsa Turai tana jiƙa wuyan nan a ruwan ɗumi ba, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa omo, ta dirje da tsohon buroshin haƙori har yatsunta su saluɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana nan ƙanwar Turai ta haihu a Rogo, Turai ta tafi can sai bayan suna. Kwana huɗu, duk rigunan shugaba suka yi zobe baƙi ƙirin a wuya, ga shi ranar kasuwa zai yi jawabi a kan tsafta. Ya tsoma ɗaya a ruwa sau biyu, ya daka mata tsawa. Dauɗa ta yi kunnen uwar shegu. Sai basira ta zo masa: ya niƙa alli, ya dame, ya shafe wuyan kamar mai yaɓen ɗaki.

Ranar kasuwa ya hau benci, rana na dukan ƙeya.

"Jama'a, ku dubi wuyana ku ɗauki darasi!"

Jama'a kuwa suka duba. Gumi ya kwance allin, ya gangaro masa ƙirji kamar kunun kanwa, maiƙon kwana huɗu ya bayyana yana sheƙi. Shi ko da ya ga an zuba masa ido an buɗe baki, sai ya ƙara murya, har da juyawa don na baya su amfana.

Hajo, tsohuwa mai ƙosai, ta kutso gaba da kwanonta, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, man gyaɗa ya yi tsada. In an gama jawabin, a taimaka a matse mini wuyan nan, in samu na suyar gobe."