Rasuwar Ƙyaftau, Akwatin Rezon Gidan Alƙasim

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Alƙasim ɗan Halidu, manomin albasa a kwarin Tama ta ƙasar Buza, a madadin iyalina da maƙwabta, nake sanar da ƴan uwa na gida da na ci-rani rasuwar Ƙyaftau, ɗan akwatin wifi da ya shekara biyar a kan sanda bayan rumbuna. Ya cika ranar wata Talata bayan azahar, tsakiyar bazara, bayan jinyar da ni da hannuna na ƙarasa. Sanarwar ta makara da kusan wata guda. A yi mini uzuri, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Marigayin ya zo mana daga Madawa cikin aljihun ɗana Surajo, shekarar da zai koma Abijan. Duk wanda ya san ƙauyenmu ya san duwatsu sun saka mu tsakiya. Antenar da ke ba mu rezo, wato sabis ɗin waya, tana can bayan tudu, abin da ke gangarowa gare mu kuwa ba ya isa ƙasa, yana wucewa ne ta saman kawunanmu. Sai Surajo ya haɗa sanda biyu, ya ɗaure akwatin a ƙoli, ya kifa masa ƙoƙo saboda rana, ya ja masa waya daga panon hasken rana da muke cajin fitila da shi. Da aka kunna shi ya ce “ɗit-ɗit”, ya buɗe koren idonsa ya shiga ƙyaftawa. Nan ya samu suna, ba a yanka masa ko zakara ba.

Na shaida, kuma duk unguwa za ta shaida, Ƙyaftau mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar mai zuwa ɗan gidan wa ne ba. Bai taɓa kwasar maganar wani ya kai wa wani ba, alhali sirrin rabin garin nan ta cikinsa ya bi. Daga bakinsa muke jin farashin albasa kafin masu manyan motoci su iso da nasu labarin. Ta hanyarsa matan da mazansu ke Libiya da Kamaru suke aika faɗa, ya dawo musu da ban-haƙuri. Aibinsa ɗaya, ba ya son hadari. Da gajimare ya taso gabas sai ya ja idonsa ya koma ja, ko Sarkin Noma ne ya zo ba zai kula shi ba.

Amma babban aikinsa na ranar Juma'a ne. Bayan an sauko masallaci Surajo yakan kira ta bidiyo, in jingina tarho jikin turmi mu gaisa. Uwarsa Cima ba ta taɓa zama gaban tarhon ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya kallon fuskarsa a gaban mutane. Takan ɗauko faifai ta zauna daga gefe tana tsince wake, tana satar kallo ta wutsiyar ido. Na lura waken Juma'a bai taɓa tsintuwa ba.

Bara idonta ya fara rufewa daga gefe. Likitan ido a Madawa ya ba da magani na ɗigawa, ya ja ni waje ya gaya mini gaskiya: abin da ya tafi ya tafi, sauran ma tafiya yake, sai dai a rage masa sauri. Tun daga nan satar kallo ta gagara, domin gefen ne ya fara mutuwa. Cikin wannan hali Surajo ya ce matarsa na da ciki, haihuwa cikin bazara. Ranar na ga Cima ta yi dariyar da na manta tana da ita. Jika ba a jin kunyarsa. Ta ce wannan kam za ta zauna gaban tarho ta buɗe ido ta kalle shi son ranta. Ba ta roƙi komai ba sai wannan, ta ga jikanta kafin hasken ya ƙare.

Marigayin ya bar tarho ashirin da uku da ke rataye a wuyansa, ban da na baƙi. Ya bar ƴan lakkol, wato ƴan makarantar boko, da ke zuwa neman darasi, da wasu da ke cewa darasi suke nema. Ya bar Dela mai ƙosai, wadda ba ta iya karatu ba amma tana iya aika murya ta minti goma ba ta haɗiye yawu ba. Ya bar sanda biyu, da ƙoƙo, da waya mai ɗauri uku. Ya bar ni.

Ciwonsa ya samo asali ne daga yawan jama'a. Shekarar da ya zo, tarhon taɓawa uku ne a unguwar. Yanzu duk ɗan ci-ranin da ya dawo yana da ɗaya a aljihu, da wani na uwa, da wani na mata, kowa kuma fuska yake son gani, murya ta daina isarsa. Antenar bayan tudu kuwa tana nan yadda take, ga garuruwa nawa suna ja daga gare ta. Ƙyaftau ya riƙa wahala ta gaba da baya. Sama ba ya samun abin da zai isa, ƙasa ana ta miƙo masa hannu. Fuskar Surajo ta fara daskarewa baki buɗe. Jikin marigayin ya riƙa zafi, yana wani ƙaramin kuka “zzzz” da ban san shi da shi ba. Wani lokaci ya suma, sai an cire waya an mayar ya farfaɗo da “ɗit” guda ɗaya maimakon biyu.

A nan ne zan faɗi laifina, don kada a ɗora wa wani. Haihuwa ta matso, zafin bazara ya kai inda ya kai, na taɓa shi na ji kamar dutsen da ya wuni a rana. Mu nan abin da muka sani game da zafi ɗaya ne. Bidon ruwa, wato galan ɗin da muke zuwa garkar albasa da shi, buhu muke ɗinka masa mu jiƙa, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi. Na yanko buhu, na naɗe marigayin da kyau, na ɗinke, na yayyafa ruwa. Wallahi kwana biyu ya samu sauƙi, har na yi wa maƙwabta alfahari. Rana ta uku na ga buhun na saurin bushewa, sai na ƙara hannu da moɗa guda. Ya ce “ɗiii”, doguwa, siririya. Idon ya yi fari, ya rufe. Kwana uku bayan haka aka haifa wa Surajo ɗa namiji.

Surajo ya ce kada in damu, ya sayi wani a kasuwar kayan gwanjo, babba, mai ƙaho biyu, ya gwada shi can yana gudu kamar ruwa. Zai ba masu dawowa noma su taho da shi. Na ce wa Cima ko in tafi Buza in sauko mata da hoto a tarho, tunda ƙafarta ba ta barinta hawan babur. Ta ce, “Malam, ba hoto nika so ba. So nikai in ga angona yana motsi.” Na ji daɗin amsar, domin ina tsakiyar gyaran gona, kuma na ɗauka akwai lokaci. Na ce to mu jira. Muka jira kwana goma sha tara.

Magajin ya iso cikin kwalinsa. Na hau da shi kan sanda, na kunna. Ya haska fitilu huɗu, kyawawa, bai kamo komai ba. Na ƙara sanda ta uku. Na juya shi gabas, na juya shi yamma. Washegari na ɗauke shi zuwa Buza wurin Bashiru mai gyaran tarho. Ya buɗe, ya karanta bayansa, ya ce, “Baba, wanga lahiya tai lau. Ba don nan anka yi shi ba.” Ya bayyana mini cewa rezo hanyoyi gare shi cikin iska, kamar yadda muke ja wa ruwa hanya a garka, kuma kowace ƙasa da yadda ta tsaga nata. Wannan akwati daga ƙetaren teku ya fito. A Abijan an buɗe hanyoyi da yawa, ya dace da ɗaya. Wadda ke iya tsallake tudu ta gangaro kwarinmu guda ce, shi kuwa ba a gina shi da ita ba. Na tambaye shi me ya hana manyan ƙasashen su zauna su tsaga hanyoyin iri ɗaya, abin da ya yi aiki wurin ɗa ya yi aiki wurin uwa. Ya ce ya ji ana ta zama a kai. Ina roƙon masu zaman, in wannan takarda ta kai gare su, su ɗan ɗaga ƙafa.

Ban bar Buza ba sai da na tsaya gindin antena, ranar kasuwa, cikin ɗaruruwan masu jan rezo irina. Tun hantsi har la'asar na samu bidiyon yaron ya sauka, ɗan guntu, yana hamma yana wutsil-wutsil da ƙafa. Na iso gida rana ba ta faɗi ba. Na zaunar da Cima a inuwa, na kunna, na saka mata a hannu. Ta kai shi dab da fuska. Ta matsar da shi dama, ta matsar hagu. Bidiyon ya ƙare, gilashin ya yi baƙi, ita kuwa tana nan riƙe da shi tana kallo, tana murmushi. Ta daɗe haka. Sannan ta miƙo mini ta ce, “Na gan shi sarai. Kunnuwa nai irin naka na.” Na zagaya bayan rumbu na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar mahaifiyata.

Za a yi jana'izar Ƙyaftau ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci, a gindin sandar da ya yi aiki a kanta. Liman ya ce ba za a yi masa salla ba, na kuma yarda da hukuncinsa. Ba wanka, ya sha ruwan da ya ishe shi. Bashiru ya nemi batirin, an ba shi. Za a karɓi gaisuwa a zaure, mata su shiga ciki, akwai fura. Kada kowa ya zo da tarho yana neman rezo, babu.

Roƙo ɗaya iyalan mamaci suke yi. Duk wanda ya shiga gaishe da Cima, za ta ba shi labarin jikanta, da haskensa, da kunnuwansa. A ce mata barka. Kada a miƙa mata tarho a ce ta sake dubawa.