Ranar da Na Yi wa Kaina Addu'a a Lasifika a Kabo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina a Kabo ba, kuma ko na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Amma bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku tausaya mini fiye da yadda ya kamata.

Ni malamin makaranta ne a Gwarzo, Hausa nake koyarwa a sakandare. 'Yan shekarun baya na shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke tara abinci tana raba wa mabuƙata kyauta. Tsarin ba wani mai wuya ba ne. Da kaka manoma su kawo abin da ya sawwaƙa, wani damin dawa, wani buhun gero, wani 'yan kwanonin wake. 'Yan kasuwa su ƙara da shinkafa da manja da gishiri, mata su aiko da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A zuba duka a babban sito a Gwarzo, daga nan a riƙa kaiwa ƙananan ɗakuna huɗu da muke kira rumbu: ɗaya a Gwarzo, ɗaya a Lakwaya, ɗaya a Kabo, ɗaya a Dugabau. Kowace Asabar a buɗe, mai buƙata ya zo ya ɗauki ledar da aka ƙulla, ya kama gabansa.

Mai jagorantar mu ita ce Malama Rahila, tsohuwar malamar firamare, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Gwarzo har rabin magidantan garin sun bi ta ajinta. Dokokinta biyu ne kawai: ba a tambayar sunan kowa, ba a ɗaukar hoton kowa. Takan ce, "Wanda ya tako ya zo nan ya riga ya sha kunyar da ta ishe shi. Kada mu ƙara masa."

Sauran 'yan sa-kai su ne masu sauke buhu, masu bakace, masu awo da ƙulla leda. Ni kuwa ciwon baya gare ni (wani irin ciwo ne mai hankali, ba ya tashi sai ya ga mota ta tsaya da buhuna). Don haka na naɗa kaina mai magana da yawun ƙungiya. Duk inda aka taru, ni ne a tsaye. Har akwai wata magana da nake yawan yi, ina dafa ƙirji: daga Gwarzo zuwa Kabo babu gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba wanda ban san ƙofarsa ba. Mutane su gyaɗa kai, ni kuma in ji kamar da gaske ne.

A daminar da nake ba ku labari abin ya matse. Tsohon hatsi ya ƙare a gidaje, sabo bai nuna ba, layi yana ƙara tsawo, sito kuma har an fara ganin daɓensa. Ana nan sai wata Hajiya 'yar asalin Kabo, mai sayar da atamfofi a Kano, ta aiko cewa za ta zo da ƙawayenta su ga rumbun garinsu, in abin ya kwanta musu za su taimaka. A makon ne kuma aka yi wa Malama Rahila rasuwa, dole ta tafi gida. Tana shirin shiga mota ta kira ni gefe.

"Malam, baƙin nan suna hannunka," ta ce. "Ka nuna musu rumbu, ka nuna musu ledoji, ka nuna musu masu aiki. Kada ka nuna musu mutanen layi."

Na ce, "Haba Malama, ai kin bar wa mai shi."

Motarta ba ta gama fita gari ba na tafi na yi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Ga yadda na lissafa abin a raina: mai arziki ba ya buɗe jaka don ya ga buhun da babu komai a ciki, sai ya ga abin da zai sa shi hawaye. Na ce Malama tsohuwar hannu ce, ba ta san yadda zamani yake tafiya ba.

Ranar Asabar na sa shaddata ta salla na hau babur zuwa Kabo. Baƙi suka iso wajen hantsi, aka zaunar da su a rumfa, matan layi kuma suna can jikin katanga, suna ta jan hijabi suna mamakin me ya kawo lasifika wurin karɓar gero. Na karɓi abin magana na fara. Na yi tarihin ƙungiya, na yabi manoma, na yabi 'yan kasuwa, na yabi kaina ta bayan gida. Can na duba na ga ƙawayen Hajiya sun koma latsa waya, ɗaya ma tana hamma. Na ga buhunan da nake hange suna komawa Kano.

Sai na waiwaya wajen layi. Can ƙarshe akwai wata tsohuwa ramammiya, cikin dogon hijabi da ya koɗe, ta rufe baki da hanci da takunkumi, kanta a sunkuye. Na lura tana ja da baya a hankali, tana neman zagawa bayan katanga. Mai hankali zai ce wannan ba ta son a gan ta. Ni cewa na yi, ga wadda nake nema.

"Inna, ke ta ƙarshe, taho nan," na ce a lasifika.

Ta girgiza kai. Na taka har inda take na tare hanya, ina cewa ta daure, alheri ne zai same mu duka. Idanun jama'a suka dawo kanta. Da ta ga tsayuwar ta fi tafiyar tona asiri, sai ta biyo ni gaban rumfa, ba ta ɗago kai ba. Ni ma ban dube ta ba. Fuskar Hajiya nake kallo.

Daga nan bakina ya buɗe. Ban san matar ba, ban tambaye ta komai ba, amma na zauna na tsara mata tarihi tsaf.

"Ku dubi wannan baiwar Allah," na ce. "Da tsufanta ta tako cikin damina don kwanon gero. Ina 'ya'yanta? Ina 'ya'yan 'yan'uwanta da ta goya a bayanta, ta wanke musu kashi? Na rantse wani yana can yana cin albashi, da safe shayi da ƙwai, da rana shinkafa da nama, bai san ko ta ci ko ba ta ci ba. Allah Ya shirye su. In ba masu shiryuwa ba ne, Allah Ya tona musu asiri tun a nan duniya."

Jama'a suka amsa da amin. Na ga Hajiya ta ɗauko hankici tana goge ido, na ji wani daɗi har cikin ƙashina. Sai na ce bari in ƙarasa aikin. Na kai abin magana daidai bakin tsohuwar.

"Inna, gaya musu da bakinki. Akwai wanda yake leƙo ki?"

Ta ɗago kai. Sannan ta sa yatsa ta ja takunkumin ƙasa kaɗan, ta ce a hankali, "Na-Gwaggo, ya isa haka. Ni ce."

A hankali ta faɗa, amma lasifikar da na yi haya mai kyau ce. Har masu shago a tsallaken titi sun ji.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kira na da wannan suna: Gwaggo Hansatu, ƙanwar mahaifina, da ta yi aure a Getso. A ɗakinta aka yaye ni, kuma da mahaifiyata ta kwanta doguwar jinya a wurinta na zauna har na isa shiga firamare. Bayan da nake cewa an goya wani a kai, ni aka goya. Rabona da ita tun zaman makokin mijinta, shekara biyu ke nan, alhali daga ƙofar gidana zuwa Getso ba tafiyar da za ta ƙona litar mai ba ce.

Wurin ya yi tsit. Sai wata mata a layi ta ce, ba da mugunta ba, kamar mai warware wa jama'a matsala, "Au, ashe ɗan wanta ne." Wani a bayan rumfa ya tuntsire da dariya, aka tsawata masa. Hajiya ta sauke hankicinta ta zuba mini ido. Ni kuwa, malamin Hausa, mai magana da yawun ƙungiya, duk kalmomin da na tara a rayuwata suka gudu suka bar ni da guda biyu. Da abin magana a hannuna, rana tsaka, na rusuna na ce, "Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau," ta ce. Ta mayar da takunkuminta, ta je ta ɗauki ledarta kamar kowa, ta fita.

Na ajiye abin maganar a kan kujera na bi ta. Na same ta a bakin titi tana jiran mota, ta rungume ledar a ƙirji. Na durƙusa cikin taɓo, shadda da komai.

"Gwaggo, ki yafe mini. Wallahi ban gane ki ba."

"Na sani," ta ce. "Ai ba ka duba ba."

Na tambaye ta abin da ya faru. Ta gaya mini a taƙaice, ba tare da ƙorafi ba: ɗanta da ke noma musu gona ya kwanta ciwo tun bazara, ba a yi shuka a kan lokaci ba, ga jikoki uku a gabanta. Na ce to me ya sa ba ta aiko mini ba. Ta ce ta aiko da gaisuwa sau biyu, aka ce mata aikin taimakon jama'a ya yi mini yawa.

"To Gwaggo, ga rumbu a Gwarzo kusa da ke, me ya kawo ki har Kabo, mota biyu?"

Ta dube ni a karo na farko. "An ce kana Gwarzo. Na ce kada a gan ni a layi a ce ga gwaggon Malam, in zubar maka da mutunci a wurin aikinka."

Mota ta zo, ta shiga. Na ce in kai ta a babur, ta ce a'a, in koma wurin baƙina.

Hajiya dai ta aiko da buhuna bayan kwana uku, da saƙon cewa a fara da Getso. Na shanye wannan, don na cancanta. Abin da ban iya shanyewa ba shi ne Asabar ta gaba. Ashe wani ya ɗauki bidiyon abin a waya, ya zaga gari. Aka buɗe rumbun Kabo, ledoji a jere, amma matan da suka saba zuwa rabinsu ba su zo ba. Ba don sun ƙoshi ba. Tsoro suke ji kada a kira su gaban lasifika. Sai da Malama Rahila da matan ƙungiya suka yi makonni suna bi gida gida, suna ba da haƙuri, suna rantsuwa ba za a sake ba, kafin layi ya dawo. A tsakanin nan akwai yaran da suka kwana da yunwa saboda bakina, kuma ban san ko su wane ne ba balle in nemi gafararsu.

Malama ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo mini faifai ta nuna mini buhun waken da ya yi ƙwari a ƙuryar sito. Can nake har yau kowace Asabar, ina tsintar wake, inda ba mai jin muryata sai ƙwarin.

Kowace Juma'a bayan masallaci yanzu ina Getso. Ɗan Gwaggo ya samu sauƙi, bana ma sun yi shuka da ruwan farko. Gwaggo tana karɓa ta da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta sa mini albarka. Ba ta taɓa tayar da maganar Kabo ba, ko da yake na ji ta daɗe ba ta shiga biki ko suna ba, saboda bidiyon ya riga ta isa unguwa. Abu ɗaya ne ya canza. Tun ranar, "Malam" take ce mini. Sannu da zuwa, Malam. A gaida gida, Malam. Kowane mako ina kasa kunne ko za ta yi suɓutar baki ta kira tsohon sunan, har yanzu ba ta yi ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Kafin ka ɗaga murya kana tambayar ina dangin wata tsohuwa suka shiga, ka fara duba fuskarta. Kuma in kun gan ni a wurin wa'azi ana roƙon Allah Ya tona asirin masu yasar da zumunci, kowa yana amin da ƙarfi ni ina yi ƙasa-ƙasa, kada ku zarge ni da raunin imani. Na ga yadda ake karɓar wannan addu'ar. Tawa ko minti biyu ba ta yi ba.