Kwanson da Orrin Ya Tsinta

A shekarun da nake magana a kansu, garin Sorrel bai wuce titi guda ba. Rumbun alkama yana tsaye a bakin layin dogo, ya fi coci tsawo. Sai shagon kayan gona, da gidan shan kofi, da makarantar da 'ya'yan masu garken shanu ke zuwa daga nesa. Bayan waɗannan babu komai sai filin jihar Montana, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Duk shekara, idan an gama sayar da maruƙa, akan buɗe kasuwar bindigogi a zauren baje koli, a kuma yi gasar harbi a bayansa. Abin harbin wata bauna ce ta ƙarfe da aka kafa a kan tudu, da nisan da daga wurin masu harbi ba ta fi ƙuda girma ba.

Gidan Haugland ba su taɓa rasa wannan gasa ba. Bindigarsu doguwa ce mai cin harsashi ɗaya, ta girmi garin kansa, kuma shaguna sun daɗe da daina sayar da harsashinta. Maigidan, marigayi Nils, shi ne ke ɗura mata harsashi da hannunsa: ya narka darma, ya auna albarushi, ya mayar a tsohon kwanson harsashi. Da ya rasu, injinsa na ɗurin harsashi ya tafi a gwanjo tare da kayan gona. A shekarar da nake nufi, harsashi biyu kawai suka rage wa matarsa Verna. Jikanta Orrin kuwa ya cika shekarun da doka ta yarda ya sayi ƙaramar bindiga, kuma kuɗin maruƙansa ba za su kai ga abu biyu ba. Ina kusa da teburin da yake jujjuya wata libarba mai ƙyalli lokacin da Verna ta iso, tana dogara sanda.

"Sannu da zuwa, Kaka," in ji Orrin. "Ashe kina nan da ranki? Jiya na ga ungulu suna kewaya gidanki, har na fara auna inda zan sa gadona."

"Kai suka biyo, sun ji warin safarka. Mene ne wannan a hannunka, abin fasa gyaɗa?"

"Libarba ce, tsohuwa. Harsashi shida take ci."

"Madalla. Ka ga sai ka riƙa kuskure sau shida a jere, ka huta da jira."

"Ni? Ni da na harbo dila yana gudu?"

"Na ga gawar dilan. Babu rami ko ɗaya a jikinsa. Dariya ce ta kashe shi."

Mai teburin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Verna ta nuna ƙarshen zauren da sandarta.

"Emmet mai tsofaffin kaya ya kawo injin ɗurin harsashi, yana can. Da sikeli, da tukunyar darma, da komai. Ya ce yau zai rabu da shi, ko wa ya zo."

"Wancan? Na ɗauka abin tatsar saniya ne. Kaka, don Allah ki yi tunani. In je zance wurin Darlene in ce mata, zo ki ga sikelina?"

"A'a, je mata da libarba a ƙugu. Wane ƙugun ma? Wandonka da addu'a yake tsayawa. Ka ƙara masa ƙarfe ka gani, a gaban ubanta."

"Ita dai wannan sabuwa ce. Bindigarku kuwa, ke kika raine ta ko ita ta raine ki?"

"Tare aka yaye mu. Kuma har yau daga ni har ita babu wadda ta taɓa faɗuwa daga kan doki a tsaye, kamar wani da na sani."

"Dokin nan atishawa ya yi!"

"Haka ka ce a lokacin."

Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Biyu suka rage, Orrin. Daga yau sai ta koma bango ta zama ado. Je ka ɗauko min ita a mota. In dai bakinta zai rufe, gara ka ji muryarta tukuna."

Muka fita. Labari ya riga mu isa filin, domin masu harbi sun ja da baya sun bar mata wuri. Orrin ya taimaka mata ta zauna a ƙasa. Ta kafa sanduna biyu a gicciye, ta ɗora bakin bindigar a kai. Ta daɗe ba ta dubi baunar ba. Ciyawa take kallo, tun daga gabanta har gindin tudun, tana karanta yadda iska ke kwantar da ita a nan, ta tashe ta a can.

Bindigar ta tashi. Farin hayaƙi ya rufe ta, ya bi iska ya wuce. Sai shiru, dogon shiru, har na ga wasu sun fara sunkuyar da kai domin tausayi. Sannan daga can nesa, siririya, tsaf, kamar ƙararrawar wani coci da ba a gani, ƙarar ƙarfe ta iso.

Na san dalilin jinkirin: harsashi sai ya yi tafiyarsa, ƙarar kuma sai ta yi tata ta dawowa. Sanin dalilin bai taɓa rage mini komai ba. Wani dattijo kusa da ni ya cire hularsa bai sani ba.

"Ba ke ba ce," in ji Orrin. "Iska ce ta ji tausayinki ta kai shi."

"To ungo na ƙarshen, ka roƙe ta kai ma."

"Kaka, in na kuskure fa?"

"Za ka kuskure mana. Zauna."

Ya zauna, ya yi saiti, ya harba. Muka jira. Ƙura ta tashi can hagu, nesa da tudun.

"Sannu," in ji Verna. "Sai mu aika can jihar Dakota mu ba su haƙuri."

Orrin ya buɗe bindigar, kwanson ya faɗa cikin ciyawa. Bai tsaya tunani ba ya durƙusa ya laluba, ya ɗauko shi da zafinsa, ya jefa shi daga hannu zuwa hannu yana hurawa, ya sa a aljihun ƙirji, ya ɓalla maɓalli.

A ƙasarmu masu harbi kashi biyu ne. Akwai wanda kwanso ke faɗuwa ya taka shi ya wuce, domin a wurinsa aikinsa ya ƙare. Akwai wanda ke durƙusawa. Duk wanda ke filin ya ga abin da ya faru, in ban da Orrin.

"Me ka sa a aljihu?" in ji Verna.

"Ba komai."

"Ba komai ne ya ƙona maka yatsu?"

"Kada saniya ta haɗiye ne."

"Wace saniya? A filin harbi?"

Ya dubi aljihunsa, ya dubi mutane, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna daɓas.

"Shi ke nan, kin ci, tsohuwa. Wani ya ruga ya ce wa Emmet kada ya sayar. Amma ki sani, bindigar na tausaya wa, ba ke ba."

Verna ta sa aka ɗauko mata wani gwangwanin kofi daga mota, cike da tsofaffin kwansuna, ta dire masa a cinya.

"Na kakanka ne. Da ruwan sabulu ake wanke su. Na san kai da sabulu ba ku saba ba, amma za ku saba."

Orrin ya sayi injin a ranar. Sai dai kowace irin wannan bindiga tana da awon albarushin da take so, kuma Nils bai gaya wa kowa nasa ba. Verna da kunne kawai ta san shi. Orrin yakan ɗura, ya harba a gabanta, ta saurara, ta ce ba shi ba ne. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu bai gano awon ba, kuma baunar ba ta amsa masa ba tukuna.