Dillaliyar Makamai Daga Saint-Fons

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba: ƙwal! a kan murfin tukunyata. Na waiga, sai ga ɗana Habibu a ƙofar kicin riƙe da gwafar danƙo, irin wadda yara ke harbin tsuntsu da ita a garinmu. Ni da kaina na sayo su cike da leda a kasuwar Maradi lokacin hutu, wai don kada yaranmu su tashi a Faransa ba su san wasan gida ba. Maimakon in yi faɗa, sai na ji daɗin yadda ya iya saiti. Har na ce a raina, ga tsarabar da zan kai wa yaran Paris.

Bikin suna za mu je daga garinmu Saint-Fons da ke gefen Lyon zuwa Stains kusa da Paris, gidan Alhaji Sani, ɗan kasuwa mai kanti a unguwar Goutte d'Or, an haifa masa jika. Maigidana, Baban Habibu, yana da ƙane da yake so ya roƙi Alhaji ya ɗauka aiki, don yaron ya daɗe yana zaman banza. Tun a jirgin ƙasa yake ja mini kunne: "Don Allah, yau dai ki gaisa, ki ci, ki yi shiru." (Ya san matarsa.)

Muna isa na raba wa yara tsaraba, suka yi ta murna. Hajiya, matar Alhaji, kuwa ta fito da dabinon suna faranti-faranti.

Na shiga falon maza da tiren abinci, na tarar ana gardama kan wata doka da aka yi a Amurka, wadda ta hana a kai masu ƙera bindiga da dillalanta kotu idan wani ya yi kisa da ita. Alhaji ya baje a kujera yana cewa, "Daidai ne! Ni in na sayar maka da wuƙa ka je ka soki mutum, ni za a kama? Ina ruwan ɗan kasuwa?"

Ni kuwa na sha kuka a gaban talabijin in an nuno iyayen yaran da aka harbe. Na ajiye tire. Na ga Baban Habibu ya runtse ido.

Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Wuƙa ana yanka albasa da ita. Bindiga fa, miyar me ake yi da ita? Mutum ya ƙera abin kisa, ya cika gari da shi, ya sa riba a aljihu, sannan ya ce shi ba ruwansa? Ƙarya ne! A Islamiyya an koya mana wanda ya taimaka a kan ɓarna yana da kasonsa. In sun tsere wa kotun Amurka, akwai kotun da ba a shiga da lauya. Duk wanda ya miƙa makami ga hannun da bai san hankalinsa ba, shi ne mai laifi na farko!"

Wani ɗalibi ya ce, "Wallahi Tanti ta fi malamanmu!" Kaina ya ƙara girma. Har na gyara mayafi zan ɗora.

Sai ƙwal!

Wannan karon ba murfin tukunya ba ne, goshin Alhaji ne, dab da ido. Hula ta yi gefe, ƙwallon dabino ya faɗa cikin shinkafa. A bakin ƙofa ga autan Alhaji da danƙo a hannu. Kafin a ce wani abu goshi ya yi ƙulu.

Alhaji ya daka tsawa: "Wa ya ba ka wannan abin?"

Yara suka haɗa baki: "Tantin Lyon!"

Jama'a, kun san abin da ya fito daga bakin malama mai wa'azi? "Ni fa ba shi kawai na yi, ban ce ya harbi kowa ba!"

Dariya ta ɓarke a falo har mata suka leƙo. Alhaji yana dafe da goshi ya ce, "To Maman Habibu, da dokarki za mu yi shari'ar nan, ko da tawa?"

Na bi yara ɗaki-ɗaki ina ƙwace kayana kamar jandarma, na kawo ƙanƙara ina ba da haƙuri har da hawaye. Baban Habibu bai iya buɗe baki ya yi roƙon da ya kawo mu ba. Ƙanensa sai da ya ƙara wata da watanni a zaune kafin Alhaji ya huce ya kira shi, kuma har yau in Alhaji ya aiko gaisuwa cewa yake a gaida mai kamfanin makamai.

Ra'ayina bai canza ba, har gobe ina ganin ya kamata masu ƙera bindiga su amsa tambaya a gaban alƙali. Na dai koyi leƙa jakata kafin in hau mumbari.

A jirgin komawa Lyon maigida ya juya wa taga fuska. Ina ta share ido da gefen mayafi, sai 'yata Nana ta dafa gwiwata ta ce, "Mama, daina kuka. Da a Amurka muke, ba abin da za a yi miki."