Ranar da Kunkuru Ya Fi Ni Ilimi

Ni fa malamin gona ne, shekara goma sha biyu ina aiki a Magariya, kuma ban taɓa bari kowa ya manta da hakan ba.

Da damina na je gaida Gwaggo a Bande, na tarar tana tsinko wa kunkurunta gasaya a bayan ɗaki. Kunkurun nan ya girme ni, kuma a gidan an fi ji da shi.

"Gwaggo, kullum gasaya? Jikinsa na buƙatar canji," na ce, na naɗe hannun riga.

Na zaga bayan rumbu na tsinko wani ganye mai faɗi, na yi wa matan gida bayani mai tsawo a kan amfanin ganyen gauta, har da Faransanci don su san an yi karatu. Sannan na ajiye a gabansa.

Ya shinshina sau ɗaya, ya mai da kai cikin ƙwaryar bayansa. Na ce ƙauyanci ne, na durƙusa ina tura masa har ciki.

Gwaggo ta leƙo, sai ta saka salati ta fizge ganyen. "Ɗan nan, zaƙami ne fa! Haukata mini shi za ka yi, ko kashewa?"

Na ce gwada shi nake yi. Har yau ban sami wanda ya yarda ba.

Yanzu duk manomin Bande da ya kawo ganye biro, wato ofishinmu, sai ya gyara zama ya ce cikin ladabi, "Malam, kai za ka duba, ko mu wuce wurin maigidanka?"