Bokitin Merv da Famfon Mai Girma

Jama'a, ranar Laraba na tsaya layin ruwa a filin ƙwallo tun da sanyin safiya har rana ta fara dafa mini ƙeya, jarkoki a hannu, ƙudaje a fuska. Layi na zuwa kaina sai direban tanka ya murɗe famfo ya hau naɗe tiyo.

"Haba ɗan'uwa, ni ne fa na gaba."

"Yi haƙuri baba, ragowar na ciyawa ne."

"Wace ciyawar kuma?"

"Ta gaban zauren taro. Mai Girma zai zo buɗe sabon famfo ranar Asabar, an ce kada ya tarar da ita a bushe."

To madalla. Ni wane ne da zan yi takara da ciyawar da takalmin Mai Girma zai taka? Na jefa jarkokina a bayan akori-kura na kama hanyar gida.

Ba don cikina na je ba. Tun da madatsar ruwa ta ƙafe aka mayar da garin nan kan ruwan burtsatse mai gishiri da warin bilic, ni da matata Glenys muna sha muna yamutsa fuska, kuma ga mu da ranmu. Kifayena ne suka kasa, shi ya sa na je neman ruwan tanka marar gishiri. A falo ina da akwatin gilashi, a cikinsa akwai 'yan kori, wato wasu 'yan tarwaɗa da ba su kai ɗan yatsa ba, masu ɗan gashin baki. A ƙasa suke wuni, ayari guda, suna tonon yashi da wannan gashin bakin. Can sai ɗaya ya zabura sama ya kurɓi iska ya dawo bakin aikinsa. Duk garin nan su kaɗai na sani da ke aiki tun safe har yamma ba tare da sun kira 'yan jarida ba.

Tun da na ajiye tuƙin motar 'yan makaranta su ne abokan hirata. Da ruwa ya canza sai gashin bakinsu ya fara zaizayewa, suka daina kiwo, suka lafe a lungu. Babbar cikinsu, wadda Glenys ta raɗa wa Doris, na wayi gari na same ta a kife. Na binne ta a gindin lemo, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kai kuka ofishin ruwa. Wata baiwar Allah mai fara'a ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, masana sun gwada, ruwan nan lafiyarsa ƙalau." Na yi godiya. Ina kallon gorar ruwan kanti a kan teburinta, amma na kau da kai, don ni mai ladabi ne.

Saura wuri ɗaya: maƙwabcina Merv, tsohon mai aske gashin tumaki, mai tankin ruwan sama da ya garƙame da kwaɗo. Da shi kaɗai yake dafa shayi. Na same shi a baranda yana shafa gwiwarsa mai ciwo.

"Merv, mutumina, bokiti ɗaya."

"Na shayi?"

"Na kifi."

"Kifin da ko loma ɗaya ba zai yi ba? Kai, Alwyn, tsufa ya fara taɓa ka. Mutane na wanka da kofi kai kana yi wa tarwaɗa hidima."

"Sun fi ka tsafta dai."

"Sun fi ni ruwa ne, tsohon banza. Kawo bokitin."

Na zuba musu a hankali, ruwa mai sanyi da ya kwana a inuwa. Kashegari sai ga falo ya rikice. Kifayen da ke jinya suka tashi suna bin juna sama da ƙasa, kafin azahar sun manna ƙwai farare a jikin gilashi. Haka ɗabi'arsu take. A kogunan da kakanninsu suka fito, sabon ruwa mai sanyi alama ce damina ta sauka, lokacin tara iyali ya yi. Na kira Glenys ina murna kamar ni na yi ƙwan.

"Allah sarki," ta ce. "Ka yi musu ƙaryar damina sun yarda. To da me za ka rene su?"

Na ce mata ina sauri.

Ranar Asabar duk gari ya hallara a kan koriyar ciyawa. Aka gasa soseji, aka raba da burodi da albasa. Mai Girma Uban Bututu, Garkuwan Masu Ƙishi, ya iso da sabuwar malafa da ko gumi bai taɓa ta ba. Ya ce daga yau ƙishi ya zama tarihi. Ya murɗa famfo, ruwa ya feso garai-garai, muka kaure da tafi. Ni har hula na jefa sama. Sai da na zaga bayan zaure neman inuwa na ga tankar nan ta filin ƙwallo a fake, tiyonta ya bi ta ƙarƙashin katanga. Direban ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa. Ran Lahadi na je da jarkokina, famfon ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

"Kai da kifinka duk ɗaya ne," in ji Glenys. "An zuba muku bokiti guda kun ce damina ta sauka. Su ma dai ba su jefa hula ba."

Ƙwai kuwa suka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kamar gashin ido, suna rawar jiki a kan yashi, kuma ruwan famfon gida ɗigo kaɗan zai gama da su. Na koma wajen Merv da kunya. Ya ƙwanƙwasa tankin daga sama yana saukowa, ƙarar wofi har kusan gindi. Na juya zan tafi.

"Tsaya mana, mu je in ga jikokin Doris ɗin."

Ya ɗingisa har falona, ya durƙusa da ƙyar, ya manna hanci a gilashi. Ya daɗe a haka.

"Kai, wannan ƙaramin har da gashin baki," ya ce. Ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin kwaɗon. "Riƙe. In ka zubar da ɗigo ɗaya a hanya sai na soya ka. Glenys, ɗora mini shayin famfonku in fara sabawa."

Ya kurɓa, ya runtse ido, ya zagi kakannin burtsatse, ya shanye.

Saboda haka, ranku ya daɗe manyanmu, in kuna neman inda ofishin ruwan garin nan ya koma, yana gidan wani tsoho mai ciwon gwiwa. Amma don Allah kada ku zo karrama shi. Na san ku, sai kun wanke allon sunanku da ɗan ragowar ruwansa.