Rasuwar Hassana da Usaina, Tagwayen Ƙirjin Luba

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ƙirji ɗaure da bandeji, da kunne ɗaya a ƙofar gida, Luba Abdulghani ta unguwar Madain Fahd da ke Jidda tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tagwayenta, Hassana da Usaina, wato robobin nan biyu masu ruwan gishiri da likita ya saka mata a nono shekara bakwai da suka wuce. Tana kuma neman afuwa kan jinkirin sanarwa. An fara jana'iza jiya, ta watse da gudu. A yanzu haka Hassana tana kwance a firiza ƙarƙashin kaji, Usaina kuwa ba a san inda take ba.

Marigayan sun zo duniya a wani asibitin kuɗi da ke Bagdadiyya, a shekarar da Luba ta yaye autanta, ta tsaya gaban madubi ta ga abin da yara huɗu suka bar mata. Ba wanda ya sa ta. Mijinta Jabiru, direban tirela a hanyar Dammam, cewa ya yi shi bai ga laifin na da ba. Ita ce dai take yini a shagon gyaran amare tana ɗaura wa 'yan mata rigunan da ke tsayawa cas a jiki, ta dawo gida tata rigar ta zube kamar an rataye ta a ƙusa. Ta ce ita ma tana so, aka yi mata manya.

Kowa ya shaida kyan halin marigayan. Ba su taɓa tona asirin uwarsu a gidan biki ba. Sun riƙe shuɗiyar rigar nan mai duwatsu har matan Larabawa suna tambayar wane tela ne. Ba su da surutu, sai dai in Luba ta sauko daga bene da sauri, Hassana takan ce ƙuluƙ, Usaina ta amsa mata ƙuluƙ, a hankali, ita kaɗai ke jinsu.

Ciwon ajali ya fara da Hassana. Wata safiya Luba ta taɓa ta ta ji kamar ɗanyar gwaiba. Likitan, wani Bamisire mai furfura, ya yi bayani: duk baƙon abin da ya shiga jiki, jiki yakan saƙa masa jakar nama ya lulluɓe shi, to jakar Luba tsukewa take yi tana matse robar. Aka yi tiyata, aka yanke jakar, aka mayar da tagwaye mazauninsu. Bayan shekara biyu ciwon ya dawo, ya haɗa da Usaina. Ta taurare, ta haura sama kamar mai neman wuya. Ƙuluƙ ɗin nan ya ɗauke. Luba ta daina kwanciya rub da ciki, ta daina rungumar autanta, sujada ta koma sai da cije leɓe.

Likita ya cire tabarau ya ce, "Halas, ya madam. Jikinki ba ya son manya. Mu cire su da jakarsu, mu sa ƙanana. Ko su ma ban yi miki alkawari ba."

Ranar Litinin ta makon jiya aka fitar da su, aka sa ƙananan. Sun cika a hannun likita, uwarsu tana barcin allura.

A nan ne Inna Rakia ta shigo zancen. Ita ce mahaifiyar Luba, ta zo umara tun kafin a haifi autan, ba ta koma ba, ba ta da iƙama, wato izinin zama, ba ta da ko takardar da za ta nuna wa ɗan sanda. In aka kama ta, gidan tarhil ne, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi, kuma can gida duk wanda zai riƙe ta ya riga ta gidan gaskiya. Shi ya sa ko shagon bakin layi ba a aikenta. Amma jinyar 'yarta ta kai ta asibiti, kuma da ta ji za a zubar da abin da aka ciro, ta dafa gadon asibiti ta miƙe.

"A bola? Naman 'yata? Mabiyiyar haihuwarki ni na binne ta da hannuna, farcenki ban taɓa bari a ƙasa ba. Roba ba a yi mata salla, na sani. Amma jakar nan jininki ne, kuma robar ta kwana a cikinsa. Tare za a rufe su."

Luba ta ce, "Ya ummi, nan Jidda ne, ba bayan ɗakinmu ba."

"Ƙasar Jidda ba ta karɓar mutum ne?"

Luba ta roƙi wata nas har ta ba ta su a leda, aka ajiye su a firiza kafin ta samu ƙarfin fita. Inna ta yanki farin ƙyalle, ta yi wa kowacce likkafaninta. Jiya bayan la'asar suka ɗauki tasi zuwa Khumra, bayan wasu rumbunan ajiya inda babu kowa sai tayoyi. Suka ce direba ya jira. Luba ba ta iya sunkuyawa saboda ɗinki, don haka Inna ce ta durƙusa tana tona rami da ludayin ƙarfe.

Ba su yi tunanin yadda abin zai zama a idon mai kallo ba: mata biyu cikin baƙar abaya, a kango, da ƙananan ƙunshi biyu farare, jini ya ɗan fito a gefen ɗaya. Mai gadin rumbun ya leƙo ta saman katanga, ya ɗora hannu a ka.

"Jarirai! Ya jama'a, jarirai suke binnewa! A kira 'yan sanda!"

Luba ba ta san tana da sauran gudu ba. Ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ta fizgi Inna da ɗayan, tana jin ɗinki yana ja kamar zai ɓalle. "Yalla! Yalla!" take ce wa direba tun ƙafarta ba ta gama shiga ba. Sai da suka hau babban titi Inna ta buɗe abayarta, ƙunshi ɗaya ne. Takalminta ma ɗaya. Direban kuwa har ƙofar gida yana kallonsu ta madubi.

Marigayan sun bar rigunan mama goma sha wani abu da yanzu ba su da mai cika su, da shuɗiyar riga mai duwatsu wadda ke zaman takaba a sif, da ƙannensu biyu, su Gambo, waɗanda suka gaji mazauninsu. Su Gambo ƙanana ne, ba su ce komai ba tukuna. Luba takan taɓa su da yatsa tana jiran ranar da za ta ji gwaiba, amma tun jiya wannan tsoron ya koma na biyu. Duk motar da ta rage gudu a layi, sai ta leƙa ta gefen labule. Jabiru yana hanya, wayarsa ba ta shiga.

Za a yi jana'izar Hassana yau bayan la'asar a saman bene, a cikin rabin duron da Inna take shuka yakuwa. Ba kuka, ba taro a ƙofa. Masu ta'aziyya su zo ɗaya-ɗaya kamar masu aron gishiri. Wanda ba shi da iƙama ya yi addu'arsa daga gida.

An riga an tumɓuke yakuwa, Inna ta ɗauko Hassana daga firiza, sai aka buga ƙofa. Luba ta ɗaga gefen labule. Tasin jiya ce a tsaye. Mai gadin Khumra yana bakin ƙofa, baƙar leda a hannun dama, takalmin Inna a hagu. Bayansa wani dogon mutum cikin farar jallabiya, wanda ba ta taɓa gani ba, yana magana a cikin rediyon hannu yana duban tagogi.

"Inna, ɗakin wanki! Shiga bayan injin, don Allah, kada ki yi ko tari!"

Tsohuwar ta leƙa, ta ga ledar. Ta gyara mayafinta, ta ƙara rungume Hassana, ta zauna daram a tsakiyar falo.

"Buɗe masa. Usaina ya kawo. Ba a barin gawa a waje."

Aka sake bugawa, wannan karon da ƙarfi. Luba ta dafe su Gambo, ta nufi ƙofa.